Cutar Da Ke Yin Sallama Kafin Ta Shigo: Tarihin Tsiron Hanji Da Kansa

Mai karatu, a cikin nau'o'in cutar daji, wato kansa kamar yadda ake kiranta a asibiti, ƙalilan ne ke yin sallama kafin su shigo. Yawancinsu sai dai a wayi gari a tarar sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida. To amma kansar babban hanji tana cikin 'yan ƙalilan ɗin nan. Kafin ta zama kansa takan shafe shekaru a tsaye a bakin ƙofa, cikin siffar wani ɗan tsiro da ba ya ciwo, ba ya hana ci, ba ya hana barci. A yau duk ɗalibin likita ya san wannan. Sai dai ba a banza aka sani ba. An kwashe kusan shekara ɗari ana tara takardu, ana gardama, ana ƙera na'urori, kafin magana ta tabbata. Tarihin wannan tafiya za mu bi a wannan maƙala.

Mene Ne Tsiron, Kuma Mece Ce Gurɓacewar?

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe da abinci ke bi kafin ya fita, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi. Cikinsa na lulluɓe da wata fata mai laushi, wadda ƙwayoyin halittarta ke sabuntuwa cikin ƙasa da mako guda: sababbi su taso daga ƙasan wasu 'yan ramuka, su hau sama, su tsufa, su kakkaɓe su bi bayan gida. Idan wasu ƙwayoyin suka ƙi bin wannan tsari, suka ci gaba da hayayyafa ba tare da sun mutu a kan lokaci ba, sai su taru su yi tudu. Wannan tudun shi ne tsiron hanji. Wani yana da ɗan wuya da kai kamar laimar kwaɗi, wani kuma a shimfiɗe yake. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai ƙwan kaza.

Tsiron iri-iri ne, amma wanda ya fi damun likitoci shi ne wanda ake kira adinoma. Idan aka yanki ɗan ɓangarensa aka duba a madubin likita, sai a ga ƙwayoyin sun sauya kama: cibiyoyinsu sun yi tsawo sun yi duhu, sun cunkushe suna hawa kan juna, sun rage fitar da majinar da aka san su da ita. Wannan sauyi shi likitoci ke kira disfilashiya, mu kuma za mu ce gurɓacewa. A yau ana raba ta gida biyu, ƙarama da babba. Abin lura shi ne, ko babbar gurɓacewa ba ta zama kansa ba tukuna. A ƙarƙashin fatar hanjin akwai wata siririyar shimfiɗar tsoka wadda take kamar katanga. Muddin gurɓatattun ƙwayoyin suna bayan katangar nan, ba sa yaɗuwa zuwa kaluluwa ko hanta. Ranar da suka fasa ta, ran nan suna ya sauya.

Asibitin Talakawa A Landan

A shekarar 1835 wani likita mai suna Frederick Salmon ya kafa wani ƙaramin asibiti a Landan domin talakawa masu fama da cututtukan dubura, irin waɗanda manyan likitocin zamanin ba su cika ɗauka da daraja ba. Shi ne daga baya ya zama asibitin St Mark's. Da yake ba su da wani aiki sai wannan, likitocin wurin sun ga abin da wasu ba su gani ba.

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 an fara samun rahotannin wasu mutane da hanjinsu ke cike maƙil da tsiro. A 1881 likitan Rasha Nikolai Sklifosovsky ya bayyana wani irinsu, a 1882 kuma Harrison Cripps a Landan ya ba da labarin wasu 'yan uwa biyu, mace da namiji, masu ɗauke da wannan hali. Nan aka fara zargin abin gado ne. Amma ba a zauna an bi diddigi ba sai a 1924, lokacin da likitan tiyata John Percy Lockhart-Mummery da masanin binciken nama Cuthbert Dukes suka buɗe rajistar iyalai masu wannan larura a St Mark's. A shekarar ne kuma suka ɗauki wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Dick Bussey aikin ɗakin gwaji. Yaron nan shi ya riƙe katunan rajistar har tsufansa, yana rubuta wa ya haifi wa, wa ya kamu, yana ɗan shekara nawa, me ya kashe shi.

Abin da katunan suka nuna yana da ban tsoro. A irin waɗannan iyalai, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadon larurar daga uwa ko uba. Wanda ya gada, tsiro kan fara fito masa tun yana matashi, ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Idan ba a yi komai ba, kusan babu makawa sai ɗaya daga ciki ya rikiɗe ya zama kansa, galibi wajen shekara 40. Daga 1948 asibitin ya fara cire wa irin waɗannan mutane babban hanji tun kafin cutar ta zo. Iyalan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu kansar hanji ba, amma sun zame wa likitoci madubi. Lockhart-Mummery da Dukes suka ce, abin da ke faruwa da gaggawa a jikin waɗannan shi ne ke faruwa sannu a hankali a jikin sauran jama'a masu tsiro ɗaya ko biyu. Sun wallafa wannan ra'ayi tun a ƙarshen shekarun 1920. Dukes ɗin nan kuwa shi ne a 1932 ya fito da tsarin A, B da C na auna zurfin da kansar ta yi a bangon hanji, tsarin da aka daɗe ana aiki da shi a duniya.

Da Manya Suka Ce Ba Haka Ba Ne

Mai karatu zai zaci daga nan magana ta ƙare. Ina! A 1958 wasu likitoci a birnin St. Louis na Amurka, John Spratt da Lauren Ackerman da abokin aikinsu, suka wallafa bincike suna cewa ba su ga hujjar da ke nuna tsiron adinoma na yau da kullum yana zama kansa ba. A 1962 Benjamin Castleman, ɗaya daga cikin manyan masana binciken nama a birnin Boston, ya goya musu baya. A ganinsu kansa kansa ce tun ranar da ta fito, tsiro kuma tsiro ne har abada, in ban da wani nau'i mai gashi-gashi kamar darduma wanda kowa ya yarda yana da haɗari. Hujjarsu ita ce, idan suka duba kansar da aka yanko, da wuya su ga ragowar tsiro a jikinta.

Kada a ɗauka gardamar malamai ce kawai ta cikin littafi. A wancan zamani na'urar leƙa hanji wani miƙaƙƙen bututun ƙarfe ne da ba ya wuce santimita 25 zuwa 30. Duk tsiron da ke gaba da nan sai dai a gano shi a hoton ekisire, bayan an ɗura wa mutum wani farin ruwa ta dubura. In kuwa za a cire shi, dole a tsaga ciki a tsaga hanji, kuma ana mutuwa a irin wannan tiyata. Saboda haka tambayar ta rai ce: a yanka lafiyayyen mutum saboda ɗan tsiron da ƙila ba zai taɓa cutar da shi ba, ko a bar shi da abin da ƙila zai kashe shi? Su Castleman suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amsa ta sake fitowa daga St Mark's, ta hannun Basil Morson, wanda ya gaji Dukes a ɗakin binciken. Morson ya ce ai dalilin da ya sa ba a ganin ragowar tsiro a babbar kansa shi ne ta riga ta cinye shi, kamar yadda gobara ke cinye bukkar da ta tashi daga cikinta. Ya nuna cewa a kansar da ba ta yi nisa ba, fiye da rabi ana samun ragowar adinoma a gefenta, amma a wadda ta riga ta huda bangon hanji, abin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A 1975, shi da Bussey da wani likitan Japan mai suna Tetsuichiro Muto suka wallafa nazarin tsiro fiye da dubu biyu. Suka samu cewa tsiron da bai kai santimita 1 ba, kamar kashi 1 cikin 100 ne kawai ke ɗauke da kansa. Mai santimita 1 zuwa 2, kamar kashi 10. Wanda ya haura santimita 2, kusan rabi. Haka nan siffa: mai santsi kamar kashi 5, mai gashi-gashi kamar kashi 40. Sannan duk yadda gurɓacewar ta tsananta, haka haɗarin ke ƙaruwa. Suka kuma ƙiyasta cewa tafiyar daga tsiro zuwa kansa takan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Waɗannan abubuwa uku, girma da siffa da tsananin gurɓacewa, har gobe su likita ke dubawa.

Wata shaidar ta zo daga asibitin Mayo na Amurka a 1987. Can suka tono takardun mutum 226 da aka ga tsiro mai santimita 1 ko fiye a hotonsu tun kafin zuwan sababbin na'urori, aka kuma bar shi ba a cire ba. Lissafi ya nuna bayan shekara 5 kashi 2.5 cikin 100 sun samu kansa a daidai wurin tsiron, bayan shekara 10 kashi 8, bayan shekara 20 kashi 24. Wato dai kowane ɓangare na da tasa gaskiyar: yawancin tsiro ba ya zama kansa, amma na barin ma ba a san wanda zai zama ba.

Gani Ya Kori Ji

Abin da ya kashe bakin gardamar a aikace shi ne na'ura. A 1954 Harold Hopkins da Narinder Kapany suka nuna a Landan cewa ana iya tura hoto ta cikin damin siraran zaren gilashi ko da an lanƙwasa shi. A 1957 Basil Hirschowitz, a Jami'ar Michigan, ya haɗa na'urar leƙa ciki da irin wannan zare, kuma kafin ya gwada a kan majinyaci sai da ya fara haɗiye ta da kansa. Amma babban hanji mai kwana-kwana ne, shigarsa ta fi ta tumbi wuya. Sai a 1969, a asibitin Beth Israel da ke New York, William Wolff da wani matashin likita ɗan Japan, Hiromi Shinya, suka ƙware wajen tura na'urar har ƙarshen hanjin. A cikin shekarar Shinya ya fito da wata dabara tare da wani injiniyan kamfanin Olympus: siririyar waya mai zarge kamar tarkon tsuntsu, a zura ta cikin na'urar, a zargo wuyan tsiron, a sakar masa lantarki ya yanke ya kuma ƙone jijiyar jini. Aikin da a da sai an tsaga ciki an yi makonni a kwance, ya koma na ƙasa da awa guda. Wannan shi ne kolonoskofi. Tun da cirewa ta yi sauƙi, sai tambayar a cire ko a bari ta rage nauyi.

Jama'ar gari kuwa ba su san da zancen ba sai a watan Yulin 1985, lokacin da aka leƙa hanjin shugaban Amurka Ronald Reagan aka ga tsiro mai gashi-gashi kamar santimita 5 a farkon babban hanjinsa. Ranar 13 ga wata aka yi masa tiyata a asibitin sojan ruwa na Bethesda, bayan ya miƙa ragamar mulki na 'yan sa'o'i ga mataimakinsa George Bush. Aka yanke kamar santimita 60 na hanjin, bincike kuma ya nuna kansa ta riga ta shiga tsiron, amma ba ta kai ga kaluluwa ba. Reagan ya rayu har 2004, ya mutu yana da shekara 93, ba kuma wannan cutar ce ajalinsa ba.

Abin Da Ke Faruwa A Ɓoye

Saura tambaya ɗaya: me ke sa ƙwayar ta gurɓace? Nan ma iyalan nan masu gadon tsiro ne suka nuna hanya. A 1987 masu bincike a Landan da Utah suka gano cewa matsalarsu tana kan zaren gado na biyar, a 1991 kuma aka gano ainihin ƙwayar gadon, aka sa mata suna APC. Aikinta kamar birki ne ga hayayyafar ƙwayoyin hanji. Masu gadon larurar ana haihuwarsu da birki ɗaya a lalace, sauran mutane kuma nasu kan lalace ne a hanya, a ƙwaya ɗaya tak cikin miliyoyi.

A 1988 Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka jera tsiro ƙanana da manya da kansa, suka duba ƙwayoyin gadonsu. A 1990 shi da Eric Fearon suka zana taswirar tafiyar: lalacewar APC ce ke fara haifar da ƙaramin tsiro, sai wata mai suna KRAS ta maƙale kamar totur ta sa ya girma, sai a rasa wani yanki na zare na 18, daga ƙarshe mai gadi, wato p53, ya faɗi, kansa ta ɓalle. Ba lallai ne su zo a jere haka ba, taruwarsu ce ke yin ɓarna. Kowane mataki sai an yi rashin sa'a, shi ya sa tafiyar ke da tsawo, shi ya sa kuma yawancin tsiro ba ya kaiwa ƙarshenta. Abin da Dukes da Morson suka gani da ido a madubi, ga shi an karanta shi a rubuce cikin ƙwayar halitta.

Sai dai taswirar ba ta cika ba. Akwai wani nau'in tsiro da aka daɗe ana ɗauka ba shi da illa, shimfiɗaɗɗe, fari-fari, mai baki kamar haƙoran zarto idan aka duba a madubi. Daga 1990 zuwa farkon shekarun 2000 masana irin su Jeremy Jass da Dale Snover suka nuna cewa wasu daga cikinsu na bin tasu hanyar daban zuwa kansa. A yau ana ƙiyasta kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na kansar hanji ta nan take biyowa, kuma da yake ba ya tasowa sosai, yana da sauƙin kuɓuce wa idon likita.

Shin Cirewa Na Ceton Rai?

Wannan ita ce jarrabawar ƙarshe. A 1993 Sidney Winawer da tawagarsa a Amurka suka ba da sakamakon bin diddigin mutum 1,418 da aka cire wa adinoma. Mutum biyar kacal suka samu kansa, wato ragin kashi 76 zuwa 90 cikin 100 a kan abin da aka yi tsammani. A 2012 aka sake duba mutum 2,602 bayan kusan shekara 16: mutum 12 kansar hanji ta kashe, maimakon kusan 25 da lissafi ya nuna, ragin kashi 53. A 2022 kuma wani babban gwaji a Poland da Norway da Sweden, mai mutum fiye da 84,000, ya zo da darasi na daban. Cikin waɗanda aka gayyata su zo a leƙa hanjinsu, kashi 42 ne kawai suka amsa kira, saboda haka ragin kamuwa a tsakanin duk waɗanda aka gayyata bai wuce kashi 18 ba. Na'ura ba ta amfanar wanda ya ƙi zuwa.

A kan wannan tarihi aka gina ƙa'idojin yau. A ƙasashen Yamma aƙalla mutum ɗaya cikin huɗu da suka haura shekara 50 yana da adinoma, kuma waɗanda ke zama kansa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Bisa ƙa'idar da likitocin Amurka suka fitar a 2020, wanda aka cire wa ƙananan tsiro ɗaya ko biyu masu santsi zai dawo bayan shekara 7 zuwa 10, wanda kuma nasa ya kai santimita 1, ko mai gashi-gashi ne, ko yana da babbar gurɓacewa, zai dawo bayan shekara 3. A 2021 Amurka ta rage shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, saboda cutar na ƙaruwa a tsakanin matasa. Masu kallon fina-finai za su tuna jarumi Chadwick Boseman, wanda ta kashe a 2020 yana da shekara 43. Duk da wannan ci gaba, a 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka kamu da ita a duniya, kimanin 900,000 kuma suka mutu.

Mu Fa?

Afirka na da gurbi a wannan tarihi. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ireland da ya yi shekaru yana aiki a Uganda, ya lura cewa da wuya ya ga tsiro ko kansar hanji a wurin mutanen karkara. A 1971 ya wallafa ra'ayinsa cewa sirrin yana cikin abinci mai dusa da harza, wanda ke sa bayan gida ya yi yawa ya fita da wuri, saɓanin tataccen gari da sukari na Turai. Bincike na baya ya nuna harza na taimakawa, amma ba ita kaɗai ba ce: ƙiba, rashin motsa jiki, taba, giya da yawan cin jan nama da sarrafaffen nama duk suna ƙara haɗari.

Maganar Burkitt ta sa an daɗe ana cewa cutar Turawa ce. Yau asibitocin koyarwa na Najeriya suna ganin ta, kuma abin da rahotanninsu suka fi nanatawa shi ne majinyata na zuwa a makare. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane ɗaya daga cikin dalilan. A wurinmu duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir, kuma maganin basir ko a tasha ana samu. Gaskiya ne yawancin irin wannan jini na basir ɗin ne. To amma tsiro ma na zubar da jini, kansa ma haka, kuma ba a bambancewa sai an duba. Jinin da ya ƙi tsayawa, sauyin bayan gida na makonni, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko a ce uwa ko uba ko ɗan uwa na jini ya taɓa yin cutar, duk dalilai ne na ganin likita, a kuma tambaye shi batun gwajin bayan gida ko kolonoskofi.

Kammalawa

Daga katunan Bussey zuwa wayar Shinya, abin da mutanen nan suka gano guda ne: tsakanin ɗan tsiro da kansa akwai shekaru goma ko fiye, kuma a cikin shekarun nan 'yar waya ta isa ta raba gardama. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka ce an ga gurɓacewa a tsironsa, ba a ce masa yana da kansa ba. An ce masa ne an tarar da baƙuwar tana bakin ƙofa. Abin da ya rage gare shi shi ne ya riƙe takardar sakamakonsa, ya san girman tsiron da nau'insa, ya sanar da 'yan uwansa na jini, ya kuma koma asibiti ranar da aka ce ya koma.